Kwangilar Sa Ido Kan Gyaran Kogin Haɗeja: A Kafa Ma'auni Kafin a Tayar da Inji

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafe mu, mu mazauna gabar kogin Haɗeja, wanda na lura ba kasafai yake samun shiga jaridu ba saboda ba shi da armashin da ake ɗauka a hoto. Ni tsohon malamin gona ne, na yi ritaya na koma ƙauyenmu, ina noman shinkafa da damina, in yi alkama da albasa da rani idan ruwa ya yarda. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin da kansilan mazaɓarmu ya kawo mana a ƙofar gidan dagaci, cewa ƙaramar hukumarmu za ta sa hannu a aikin buɗe hanyoyin ruwan da ciyawar kachala ta toshe, kuma a cikin kuɗin aikin an ware wani kaso domin a ba wani kamfani kwangilar sa ido a kan lafiyar kogin da kewayensa. Jama'a sun yi murna da batun inji, har ana ta tambayar ranar da zai iso, amma ban ji ko mutum ɗaya ya tambayi wanda za a ba kwangilar sa idon ba, balle abin da zai auna. Ni kuwa a wannan ƙaramar kwangila hankalina yake, domin da ita kaɗai za a gane ko babbar ta yi amfani.

Saboda masu karatun da ba su san yankin ba, kogin Kano da kogin Challawa ne suke haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja, ya gangaro ta ƙasar Ringim da Jahun da Miga da Auyo, ya wuce garin Haɗeja, sannan ya rarrabu a cikin fadamun Kirikasamma da Guri. Wani reshe ya bi Marma zuwa tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, wani ya bi tsohuwar hanyarsa, har ruwan da ya tsira ya haɗu da na kogin Jama'are ya nufi Gashuwa da Tafkin Chadi. A zamanin iyayenmu kogin yakan cika ya batse da damina, ya malale fadama, sannan ya janye har a taka yashinsa da ƙafa a bazara. Da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka biyo da ta Challawa a 1992, sai wannan tsari ya sauya, babbar cikar damina ta ragu, ruwan da ake saki da rani kuma ya hana gadon kogin bushewa. Ban faɗi haka don in kushe madatsun ba, domin da su ake noman rani a Kadawa da Kura da Auyo, da su kuma birnin Kano yake shan ruwa. Sai dai kachala ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Da zarar ta kafa saiwa sai ta riƙe laka, lakar ta ɗaga gadon kogi, ruwa ya rasa hanya ya fantsama inda ba a bukatarsa, can gaba kuma a wayi gari ana neman na ban-ruwa babu. A cikinta tsuntsayen jan-baki suke kwana su tashi da asuba su sauka a kan shinkafa, a cikinta sauro yake hayayyafa, ita ce kuma take hana masunci tura kwale-kwalensa.

Ba za a ce an naɗe hannu ba. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are tana nan tun 1976. A 2006 jihohin Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe sun kafa asusun amana na wannan kwarin kogi, mai hedkwata a Damaturu. Gwamnatin jiharmu ta kawo injinan haƙa masu aiki a kan ruwa, ga kuma shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma da albarkatun ruwa, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 da dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Mu ma talakawa mun sha fita aikin gayya da lauje da adda, muna cikin ruwa iya ƙugu, matsattsaku suna shan jininmu. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022, ya ga gidajen ƙasa suna zubewa mutane suna kwana a makarantun firamare, ba zai yi jayayya da cewa aikin ya zama dole ba. Tambayar da nake yi ita ce, bayan duk wannan ɗawainiya, wa zai iya buɗe littafi ya nuna mana zurfin hanyar ruwan da ke bayan garinmu kafin a yashe ta, da zurfinta bayan an yashe, da yadda ta koma bayan damina biyu?

Na yi wannan tambaya ne saboda abin da idona ya gani. Shekarun baya an taɓa yashe wani ɗan reshe da ke shayar da fadamarmu, a lokacin ma an ce akwai kamfanin da aka ɗora wa sa ido. Sau ɗaya muka gan su. Samari biyu ne suka iso a motar Hilux bayan azahar, rana tana tsakar zafi, suka tsaya a mashigin da mata suke wanki da wanke-wanke, suka cika gorunan roba biyu na ruwan sha da suka gama shanyewa a hanya, suka ɗauki hoto da wayar hannu ɗaya yana riƙe da gora ɗaya yana nuna kogi, sannan suka jefa gorunan a bayan mota cikin rana suka juya. Na tambaye su ko za su shiga kwale-kwale su ɗebo na tsakiya, suka ce lokaci ya ƙure, za su dawo. Ma'aunin da suka bari kuwa wani falanki ne da aka zana wa lambobi da fenti aka soka a cikin taɓo, cikar farko ta tafi da shi. Daga baya wani tsohon abokin aiki ya nuna mini rahoton da suka miƙa, mai kauri da bango mai sheƙi, duk da Turanci, kuma a shafuka biyu an manta ba a goge sunan wani gari da ba a jiharmu yake ba. Ba a yi damina uku ba kachala ta rufe reshen kamar ba a taɓa shi ba. Da muka yi ƙorafi, wanda ya yi haƙar ya ce shi ya haƙa yadda aka umarce shi, laka ce ta dawo, mu kuma muka ce tun farko saman kawai ya share. Babu mai hujja a cikinmu, domin ba wanda ya auna, maganar ta mutu a nan.

Abin ya fi yi mini ciwo ne saboda na san yadda ake yin aikin idan da gaske ake. Lokacin da na fara aikin gona, akwai wani dattijo a wani gari da aka tura ni wanda aikinsa ke nan karanta sandar awo da ke jikin gada. Bayan sallar asuba zai hau kekensa ya je ya duba inda ruwa ya tsaya, ya rubuta a littafi mai layi da fensir ɗin da yake maƙalewa a bayan kunne, kafin magariba ya koma ya sake dubawa. Karatunsa bai yi nisa ba, amma idan ka tambaye shi ranar da ruwa ya kai ƙololuwa shekara uku da suka wuce, zai lashi yatsa ya buɗe shafin ya nuna maka. Manoma sukan tsaya wurinsa su tambaya kafin su yanke shawarar inda za su yafa iri. Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to gaskiya ne, sai dai ban taɓa ganin wanda ya kai shinkafa kasuwa ya yarda a biya shi da kimar ido ba. Idan ba mu yarda da haka a kan buhu ɗaya ba, ban ga dalilin yarda da shi a kan aikin miliyoyin naira ba.

Saboda haka abu na farko da nake roƙon a rubuta a cikin takardar kwangilar shi ne, mai sa ido ya fara aiki kafin inji ya shiga ruwa. A zaɓi wurare sanannu a tsawon hanyar da za a yashe, a kafa turakun kankare a gaɓa biyu, a ja igiya daga wannan zuwa wancan, a auna zurfi taki-taki har a fitar da siffar gadon kogin a takarda. Idan an gama haƙa a koma kan waɗannan turaku a sake awo, bayan kowace damina ma haka. Da wannan kaɗai ake iya sanin yawan lakar da aka kwashe, wanda a kansa ya kamata a biya mai haƙa, da kuma saurin da take dawowa. Sandunan awon ruwa su zama na ƙarfe masu lambobi da ba sa gogewa, a ɗaure su a jikin ginshiƙi, a kuma danganta tsayinsu da wata alama tabbatacciya a tudu, ta yadda ko ruwa ya ɗauke sanda za a mayar da wata daidai inda take. Tsayin ruwa shi kaɗai yana iya yaudara, domin hanyar da ta toshe ma takan nuna ruwa ya yi sama alhali ba ya tafiya, don haka dole ne lokaci-lokaci a zo da na'urar auna gudun ruwa a san yawan abin da ke wucewa. Akwai kuma batun inda ake zubar da lakar da aka haƙo. Na ga inda aka tara ta a bakin gaɓa kamar kunya, ruwan sama na farko ya mayar da rabinta inda ta fito, na kuma ga inda aka jibge ta a kan mashayar shanu har aka kusa ba hamata iska tsakanin makiyaya da masu aiki. Wannan ma aikin mai sa ido ne ya gani ya rubuta tun inji bai bar wurin ba.

Ita kuwa kachala tana da halin da ya sa kwangilar wata shida ba za ta faɗa mana komai ba. Ƙarfinta yana cikin saiwar da ke shimfiɗe a ƙarƙashin laka, don haka ko an ƙone ta ko an sare ta a sama, tohowa take yi. Abin da muka koya a aikin gayya, wanda masana ma suka tabbatar, shi ne idan an yanke ta ƙasa da saman ruwa, ruwan ya rufe kututturen na tsawon lokaci, saiwar takan rasa iska ta ruɓe. Ga kuma irinta mai kama da auduga da iska ke ɗauka ta watsa ko'ina. Hanyar da aka buɗe a watan Afrilu za ta yi kyan gani a watan Mayu, ranar da ake yanka kirtani ana tafi, amma amsar gaskiya sai bayan damina ta biyu ko ta uku. Ina ganin bai kamata wa'adin sa idon ya gaza damina uku ba, kuma gara a rage yawan abubuwan da ake aunawa a tsawaita lokacin, da a auna komai sau ɗaya a tattara. A yau ma akwai sauƙin da babu shi a zamaninmu, domin hotunan tauraron ɗan Adam na Sentinel-2 na Tarayyar Turai da na Landsat na Amurka kyauta ake samunsu a intanet, na farkon yana komowa kan wuri ɗaya kusan duk kwana 5. Ɗalibin da ya iya aikin taswira zai iya nuna faɗin da ciyawar ta ci wata bayan wata. Idan wani kamfani ya sa kuɗin sayen waɗannan hotuna a lissafinsa, to a tambaye shi wa ya sayar masa.

Batun ingancin ruwan yana bukatar kulawa ta daban, saboda ruwan da ke iso mana ya biyo ta wurare da yawa. Masana'antun jima da ke Challawa da Sharaɗa a Kano suna amfani da sinadarin kuromiyam, an kuma daɗe ana nazari a kan dagwalon da ke gangarawa kogin Challawa. Ga takin zamani da maganin feshi da mu kanmu manoma muke zubawa tun daga Kadawa har fadamarmu, wanda rararsa take komawa kogi ta zama abincin kachala. Yasa tana tayar da lakar da ta shekara da shekaru a kwance, abin da ke cikinta ya koma cikin ruwan da mutane da dabbobi suke sha. Gwada wannan yana da ƙa'ida. Gorar ɗiba tsabtatacciya ce ta musamman, samfurin da za a nemi ƙwayoyin cuta a cikinsa ana ajiye shi a akwatin ƙanƙara a kai ɗakin gwaji cikin sa'o'i, iskar oksijin da kifi ke shaƙa kuwa a bakin ruwa ake auna ta, an fi so da sassafe lokacin da take yin ƙasa. Ya kamata kowane sakamako ya zo da sunan ɗakin gwajin da ranar ɗiba da ranar gwaji da sa hannun wanda ya yi, kuma ƙaramar hukuma ta riƙa raba wasu samfuran biyu ta aika ɗaya wani ɗakin gwaji dabam ba tare da sanin kamfanin ba.

Kifi ma ma'auni ne, kuma masunta sun fi kowa iya karanta shi. Sarkin ruwa ya san shekarar da tarwaɗa ta yi yawa ƙarfasa ta ja baya, ya san lokacin da kifi ke bin sabon ruwa zuwa fadama domin ƙwai, wanda bai dace inji ya dagula mashigarsa ba. Sikeli ɗaya da littafi ɗaya a kowace tashar kwale-kwale sun isa. Asibitocinmu na ƙauye kuma suna da rajistar yaran da ake kawowa da tsargiya, cutar da dodon koɗin da ke zaune a ruwa marar gudu yake ɗauke da ita, ba sai an kashe ko kwabo ba wajen kwatanta rajistar bana da ta baɗi. Kada kuma a manta cewa tafkin Nguru da Marma sun shiga jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar ta kare muhimman dausayoyin duniya a 2000, dausayin Baturiya ya shiga a 2008, tsuntsaye daga Turai suna sauka a cikinsu da hunturu.

Yanzu in zo kan wanda za a ba kwangilar, inda na san maganata ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Ba a ba kura ajiyar nama. Kamfanin da ke haƙa ba zai auna kansa ba, haka ƙaninsa ko surukinsa ko wani kamfani da suke ofis ɗaya da shi an sauya masa suna. Ko da kamfanonin biyu ba su haɗa komai ba, idan kuɗin mai sa ido ta hannun mai haƙa suke fitowa, ko a motarsa yake zuwa wurin aiki, ko a masaukinsa yake kwana, to bakinsa ya riga ya ɗinke. Al'adar da ta zama jiki a ƙananan hukumomi ita ce a ɗauki irin wannan ƙaramar kwangila a matsayin ta sallamar ɗan jam'iyyar da bai samu komai ba, shi kuma ya sayar da ita ga wani, wani ya sayar wa wani, har abin da ya rage a ƙarshe bai wuce kuɗin mai da na buga rahoto ba. Ina kyautata zaton samarin nan biyu da suka zo mana ba mugaye ba ne, iyakar abin da ya iso hannunsu ke nan suka yi aikinsa.

Maganin wannan sananne ne kuma yana cikin doka. Tun 2007 tarayya take da dokar sayayya da ba da kwangila, jiharmu ma tana da hukumar tantance kwangiloli da bibiyar ayyuka a Dutse. A tallata kwangilar a fili, a manna ta a allon sanarwa na sakatariya, a karanta ta da Hausa a rediyo, a faɗi ranar da za a buɗe takardun masu nema, a buɗe su a gaban jama'a. Wajen zaɓe kuma kada arha ta zama ita ce alƙali, domin wanda ba ya da niyyar zuwa bakin kogi shi ya fi kowa iya karya farashi. A nemi kowane mai nema ya kawo kayan aikinsa a gani da ido, ya faɗi sunayen ma'aikatan da za su shiga ruwa da takardunsu, ya nuna aikin da ya taɓa yi a wani wuri har a iya zuwa a tambayi mutanen wurin. Muna da Jami'ar Tarayya ta Dutse, muna da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗeja, ga Jami'ar Bayero a Kano da cibiyarta ta nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Ban ce a ba su don sunansu ba, su ma su shiga layi su yi takara, amma ya kamata a tabbatar sun ji sanarwar, domin malamin da ɗalibansa za su rubuta kundin digiri da waɗannan alƙaluma yana da dalilin kansa na son su zama gaskiya.

Yadda ake biyan kuɗin shi ne linzamin aikin. Idan aka ba da kaso mai tsoka a matsayin kafin alƙalami, ragowar kuma aka ɗaure shi da miƙa rahoto ɗaya a ƙarshe, to rahoton za a samu, awon ne ba za a samu ba. A raba biyan wata uku-uku, kuma kada ma'aji ya sa hannu sai an kawo ainihin littattafan awo masu kwanan wata, tare da shaidar dagaci da sarkin ruwa da wakilin makiyaya da wakiliyar mata cewa an zo an yi. A rubuta ƙarara cewa alƙaluman da kayan awon mallakar ƙaramar hukuma ne, su zauna a sashen gona ko na ayyuka idan wa'adi ya cika, a kuma koya wa ma'aikata biyu ko uku yadda za su ci gaba. Na sha ganin shiri ya ƙare, kwamfutar da bayanan ke ciki ta bi wanda ya zo da ita.

Karatun sanda na kullum kuwa bai kamata ya jira mai zuwa daga birni ba. A kowane gari akwai matasan da suka gama sakandare suna zaune, akwai 'ya'yan masunta da suka san kogin tun suna goye. A ɗauki ɗaya ga kowace sanda, a ba shi littafi da ɗan alawus, ya riƙa aika hoton sandar ta waya safe da yamma, a kuma sa alawus ɗin a cikin kwangilar da sunansa domin kada ya maƙale a hanya. Sannan a kafa allo a ƙofar gidan dagaci ko kusa da masallacin Juma'a, a riƙa rubuta sakamakon da Hausa, da boko da ajami idan hali ya yi, cewa tsayin ruwa yau kaza ne, bara war haka kaza ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Lambar ƙarya tana iya kwana shekara goma a cikin durowar ofis, amma ba za ta yi yini ɗaya a kan allon da masunta ke wucewa ta gabansa ba. Wannan allo kuma zai yi aikin gargaɗi, domin hasashen ambaliya da hukumar NIHSA mai lura da yanayin koguna ta tarayya take fitarwa kowace shekara yana ambaton ƙananan hukumomi ne, sandar bayan gari ce take gaya wa mutum cewa yau ya kamata ya kwashe hatsinsa daga rumbu.

Na san za a ce kogin da ya ratsa jihohi ba hurumin ƙaramar hukuma ba ne. Gaskiya ne cewa ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya yana hannun tarayya, kuma ba ciyaman ne yake buɗe ƙofofin Tiga ba. Amma jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sa ƙananan hukumomi cikin masu hannu a raya noma da albarkatun ƙasa, kuma ƙananan rassan da ke kai ruwa gonaki, da jingar da ke kare gari, kullum a kansu suke faɗowa. Wannan hujja ma tana ƙarfafa abin da nake faɗa ne. Ruwa bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Idan muka buɗe tamu hanyar, ruwan da ya saba kwanciya a wurinmu zai sauka a kan na ƙasa da mu, idan na sama suka ɗaga jinga mu ne za mu sha, kuma an sha yin zaman sulhu a gaban hakimai a kan wanda ya fasa jingar wani da dare. Saboda haka ina ba da shawarar ƙananan hukumomin da ke jere a gabar kogin su yi amfani da tsarin awo iri ɗaya, in da hali ma su haɗa kuɗi su ba da kwangila ɗaya, kuma kwafin alƙaluman ya riƙa zuwa ma'aikatar muhalli ta jiha da hukumar raya kogunan da asusun da ke Damaturu. Ranar da za a nemi a sauya yadda ake sakin ruwa daga madatsun, wanda shi ne tushen maganin kachala, wakilin da ya je da littafin awo na shekara uku za a saurare shi fiye da wanda ya je da kuka.

Za a kuma ce babu kuɗi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma ko yaya aiwatar da hukuncin ya kasance, jama'a sun riga sun fara tambayar shugabanninsu na kusa abin da a da suke tambayar gwamna. Sanda da littafi da sikeli da alawus ɗin yaro ba su kai abin da ake kashewa a rumfa da kujeru da makaɗa ranar ƙaddamar da aiki ba. A wurinmu ma an riga an ce an ware kuɗin, saura yadda za a kashe su.

Roƙona ga mai girma shugaban ƙaramar hukumarmu da majalisar kansiloli, Allah ya taya su riƙo, shi ne kafin a sa hannu a kan komai su karanta mana sharuɗɗan kwangilar a taron jama'a, su faɗi sunayen waɗanda suka nema da abin da kowa ya ce zai yi, su kuma tabbatar an kafa turaku an yi awon farko a wannan rani, tun ruwa yana ƙasa, domin da zarar inji ya taɓa lakar ba sauran damar sanin yadda take a da. Ni da wasu dattawan garinmu mun rubuta wannan buƙata mun ba kansilanmu, mun kuma shirya neman kwafin takardar kwangilar a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Kai kuma, ya Edita, idan za ka turo wakilinka, ina roƙon kada ya zo ranar bikin ƙaddamarwa. Ya zo bayan kaka ta baɗi, zan nema masa kwale-kwale mu bi hanyar ruwan tare daga turke na farko zuwa na ƙarshe.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin gona,
daga wani ƙauye a gabar kogin Haɗeja, Jihar Jigawa.